Tagar Umma

"Ɗaki ɗaya ya rage mai kallon teku," in ji ma'aikacin otal ɗin. "Ɗayan yana baya, jikin ɗakin wanki."

Ko waiwaye ban yi ba, na karɓa mana na gaba, ni da maigidana. Na ce a raina, ai shekara shida ke nan da idon Umma ya tafi, me za ta gani?

Na kai ta ɗakin bayan, na zaunar da ita bakin tagarta na ce, "Umma, ga teku nan gabanki."

Kullum da safe a nan muke tarar da ita, ta kasa kunne ga gurnanin injin wanki. "Yau tekun nan da fushi ya tashi," takan ce wa maigidana. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai. Ni ko abinci ya daina yi mini daɗi.

Ranar da za mu tafi na kasa daurewa. Na riƙo hannunta har barandarmu, na faɗa mata gaskiya.

Ta daɗe tana shaƙar iska. Can ta ce, "Shekara ashirin ina wanki a otal don ki yi karatu. Ni zan kasa gane injin wanki?"

"To me ya hana ki faɗa, Umma?"

"In ƙaryata 'yata a gaban mijinta?" Ta gyara mayafinta. "Bar ni a nan minti biyar, kafin mota ta zo."