Godiyar Laoban

Da na ga fuskata ta cika ƙaton allon dandamali, sai gabana ya faɗi.

Shekara uku ina sarin takalma a shagon wani Basine a unguwar Xiaobei, can ƙasar Sin, jininmu bai taɓa haɗuwa ba. In na nemi kaya sai ya ce "meiyou", wai babu, alhali ga su jibge. Ni kuwa in yi murmushi in ce, "Laoban," wato maigida da yarensu, "Allah wadaranka." Da ya tambayi ma'anarta, na ce ai godiya ce.

Ashe makaɗin jita ne. Da ya gayyace ni bikin kiɗan hunturu ranar Asabar da la'asar, na jawo surukina da ya zo daga Kano, don ya ga yadda Sinawa ke girmama ni.

Masu jazz da blues na sauka, laoban ya hau da 'yan rock ɗinsa, ya fara waƙa, ya nuna ni da yatsa, aka hasko fuskata a allon. Dubban mutane suka ɗauki amshi: "Allah wadaranka! Allah wadaranka!"

Surukina ya sunkuyar da kai.

Da laoban ya sauko, ya matse hannuna, ya ce da Hausa raɗau, "Alhaji, tun bara na sani. Yau ni ma na gode maka."