Ƙwallon Ranar Lahadi

An kaɗa gangar itace ta kiran coci daidai lokacin da 'yan wasan ƙwallon zari-ruga bakwai na ƙasarsu Fiji ke shiga fili a ƙetaren teku, wasan ƙarshe na cin kofi. Ɗan wata mata 'yar cocin yana cikinsu.

Ta zauna kan tabarma a sashen mata, amma zaman ya gagare ta. Mijinta, dattijon coci, shi ke jan addu'a yau, shi da ya rantse tun bara: "Mai buga ƙwallo ranar Lahadi ba ɗana ba ne. Kada ya sake tako min gida."

Maƙwabciyarta ta zungure ta. "'Yar'uwa, bar murza zanen nan, za ki yaga shi."

"Ko nawa da nawa ake yanzu?"

"Ni rediyo ce?"

Wasan gajere ne, kafin a tashi daga coci za a gama. Maza sai satar kallon taga suke. Mijin nata kuwa ido rufe, tafin hannu dafe da kunne, yana ta maimaita abin da ya riga ya roƙa. Gumi ya jiƙe masa farar riga.

"Ya Ubangiji, ka ba mu... ka ba mu..." Sai ya daka tsalle. "Ruga! Ruga, ɗana, kada ka waiwaya!"

Siririyar wayar rediyo ta zamo daga kunnensa, tana lilo a ƙirjinsa. Kowa ya zuba masa ido.

Matarsa kaɗai ta ce, "Amin."