Abin Da Roseline Ta Koyo A Bayan Tasha

Afiniki mai tuyan ƙosai a bakin tashar jirgin Kafanchan ce ta fara gaya mini, a shekarar casa'in da bakwai. Ta ce, "Mama Andrawus, surukarki tana koyon kunfu, faɗan nan na fim, a wurin Cainis."

Na yi dariya har giɓina ya fito. Haƙora biyu ne na sama, hagu, suka fita tun shekarar rikici, shekarar da mijina ya tafi bai dawo ba. Ba na son a gani, amma ranar ban rufe baki ba.

Gaskiya ta faɗa. Lokacin Cainis suna gyaran layin dogo, kuma suna da wani tsohon kuku. Roseline, matar ɗana Andrawus, ita ke kai masa kabeji da ƙwai. Kullum da sassafe sai ta ajiye tire a bayan tasha, ta ɗaure zani a kan wandon mijinta, tsohon nan ya kama hannunta, ita ma ta kama nasa, suna juyi kamar masu tuƙa tuwo. Matar aure, mai 'ya'ya uku, 'yar ƙungiyar mawaƙa a coci!

Da farko kunya ce kawai ta dame ni. Sai na fara lura da gidan.

Ni da rana ba na ganin komai. Idan jirgin sha biyu ya yi kuka, kaina yakan sara, in shiga ɗaki, sai la'asar nake farkawa jiki duk ciwo. Tsufa ke nan. To a wannan tsakanin ake yin abin. In tashi in ga tukunya a fashe. In ga kujera ba ƙafa ɗaya. In ga an kwashe yara an kai maƙwabta. Wuƙaƙen gidan ma duk Roseline ta kulle su a akwatinta, sai na roƙa kafin in fere doya.

Wata Laraba Andrawus ya zo cin abincin rana, da yamma na gan shi da yakushi tun daga kunne har haɓa. Na ce wa ya yi maka? Ya ce ƙaya ce a gonar citta. Citta ba ta da ƙaya. Ni na haife shi, ni na koya masa noma.

Na kira Roseline. Na ce, "Ɗiyata, ni na je har Zonkwa na roƙo ki. Me ya yi miki da za ki koyo duka?"

Ta ce, "Mama, ba duka nake koya ba."

"To me?"

Ta sunkuyar da kai. Ta koma kan aikinta, abin ya fi zagi ƙona mini rai.

Na bi ta bayan tasha da sandata. Tsohon yana da 'yar Hausa, guntu-guntu. Na ce ya daina lalata mini gida. Ya ce, "Ita ba naushi. Na koya naushi, ta ce a'a. Na koya shuri, ta ce a'a. Riƙe kawai. Riƙe, ba ciwo. Wata shida, riƙe, riƙe." Shi ma da alama ta ishe shi.

Na ɗaga sanda don in nuna masa hanya. Ban san yadda aka yi ba. Ya kama wuyan hannuna, ya juya, sai ga ni zaune a ƙasa a hankali, bayana a ƙirjinsa, tafinsa ya tare mini ƙeya. Ko gwiwata ba ta bugu ba. Abin da ya ba ni haushi, jikina bai yi gardama ba sam, ya kwanta kamar ya saba.

Na karkaɗe zani na tafi. Na ce lallai, haka take yi wa ɗana.

Ranar Juma'a na farka da la'asar na tarar da Roseline a bakin rijiya tana wanke hannu da ruwan gishiri. Cizo ne a damtsenta, ya shiga sosai, shatin haƙora a fili. Na tsaya na dube shi da kyau. Raina ya ɓaci iyaka. Wato ta matse yaron nan har sai da ya kai ga cizo kamar ƙaramin yaro, Andrawus da bai taɓa faɗa da kowa ba, mai murmushi da haƙora cif irin na ubansa.

Na ce, "Gobe zan je wurin Pasto da dattawa. Ki koma gidanku har ki tuna ke mace ce."

Andrawus da ke tsaye a gefe ya ce, "Mama, don Allah."

Roseline ta taɓa shi ta ce, "Bar ta." Sannan ta tambaye ni ko zan sha kunu. Ta kawo, ta gyara mini filo, ta shafa mini man zafi a wuyan hannu, wai ta ga ya kumbura.

Washegari na yi shirin gidan Pasto, na ɗaura ɗankwalin zumuntar matan coci. Roseline ta ajiye mini dafaffen rogo kafin ta wuce tasha. Na gatsa sau ɗaya, na tsaya neman gishiri, idona ya faɗa kan abin da ya rage a hannuna.

Na kwance ɗankwalin na zauna. Shatin da ke jikin rogon shi ne na damtsen Roseline, da giɓin haƙora biyu a sama, hagu.