Hannun Babanta

Yau wani direba ya fara shiga cocin Lutheran, kuma tashi da zama sun gajiyar da shi. Budurwarsa ta buɗe masa littafin sujada, ta raɗa masa, "In mun miƙe, ka miƙe. Kuma daina kallon Baba."

Ina zai iya? Sau uku tsohon yana ƙin ganin manyansa kan maganar aurenta.

Da fasto ya ce a gaisa da salama, tsohon ya riƙe hannunsa bai saki ba.

"Don Allah ka zo, ko don ita?"

Ya shiryo ƙarya tun daga gida, amma ya gaji da ɗaukarta. "Don ita, Baba."

Budurwar ta runtse ido.

Tsohon ya nisa, ya dubi matarsa cikin mawaƙa. "Ni ma haka na shigo. Turo manyanka."