Tauraron Sabitu

A wasan kwamfutar da kowa ke shiga yanzu, idan mutum ya rasu, Gamzaki allahiyar taurari takan rataye shi a sama a matsayin tauraro mai muryarsa, iyalinsa su riƙa zuwa hira.

Hansatu ba ta leƙa ba sai da ta gama takaba, don surukarta ta ce leƙawar ma fita ce. Ranar ta ci kwalliya, ta saka gilashin wasan.

Gurbin mijinta duhu ne.

"Ranki ya daɗe, ina Sabitu?"

"Tauraron da ba a gaishe shi, kashe shi nake," in ji Gamzaki tana murmushi. "Kullum sai ya tambaye ki. Na ce masa kin yi aure, don ya daina jira."