Katangar Cikin Rafi

Ana gab da tashin alhazai, Mas'uda ta gama zagayen neman gafara wajen dangi da maƙwabta. Ɗaki ɗaya ya rage mata, shi kuwa a cikin gidanta yake.

Wata tsohuwa ce a ciki, ana ce mata Uwa, mai tallan nono a da. Tun daminar ambaliya Mas'uda ta je makarantar da aka zube waɗanda ruwa ya kora, ta ɗauko ta, alhali ba su haɗa komai ba. Ci da sutura da asibiti, duk ita. Har misali ake yi da ita a Azare, amma in an yabe ta sai ta tashi ta bar wurin.

Abin da ya faru kowa ya sani. Akwai wani busasshen rafi a bayan gari, har an manta rabon da ya kawo ruwa. Gwamnati ta yanka shi fuloti-fuloti da araha. Aka samu mai saye ta hannun dillali, aka yi ciko, aka ja katangar bulo. To, ruwa bai san takardar gwamnati ba. Ranar da ya dawo ya tarar an tare masa hanya, sai ya karkata ya afka ƙauyen su Uwa. Ɗaki ya rufta wa mijinta, Malam Gidaɗo, ya rasu. Dillali ya bar gari, ba a taɓa jin sunan mai filin ba.

Mas'uda ta durƙusa bakin tabarma.

"Inna, tafiya ta zo. A yafe mini."

"Me kika yi mini, 'yar nan? Na yafe, duniya da lahira."

"Ki yafe wa kowa da kowa, Inna. Sai na fi jin daɗin tafiyar."

"Kowa, ban da mai katanga. Shi kam sai gaban Allah." Tsohuwa ta kamo hannunta ta riƙe gam. "Ba na son dabino, ba na son zamzam. In kin ga Ka'aba, ki kai mini ƙararsa. Ke addu'arki ba za ta faɗi ƙasa ba. Kin yi alkawari?"



"Na yi, Inna."

Ta koma ɗaki ta zauna kan jakar tafiyarta, ko mayafi ba ta cire ba. Tunani take yi, yaya mutum zai tsaya gaban ɗakin Allah, ya ɗaga hannu, ya kai ƙarar kansa.