Ba Beli Ba Ne

Shekarar da aka dawo da ma'aikatar su Baba daga Legas zuwa Abuja, muna zaune a Karu, ina ɗan shekara shida. Barcina ya hana Mama sakat. Baki buɗe nake kwana ina minshari kamar babba, wani lokacin numfashin ya ɗauke sai ta girgiza ni.

Kakata Hajiya ta ce beli ne ya tokare min maƙogwaro. Wata la'asar, Baba yana ofis, sai ga ta da wanzami daga Uke.

Warin zabirarsa nake tunawa, warin tsohuwar fata da man kaɗanya. Ya buɗe ta a kan tabarma, ya zaro wani ƙarfe mai lanƙwasa.

"Hajiya, da an jira babansa," in ji Mama, murya ƙasa-ƙasa.

"Shi wa aka jira da za a cire masa nasa? Riƙe masa ƙafafu."

Mama ta riƙe su da hannayenta biyu. Wanzamin ya leƙa bakina ya ce, "Harshen yaron nan ba ya ɗagawa," amma ya danne shi da itace ya wuce ciki. Na ji ɗumin jini a wuyana.

Minsharin bai daina ba. Sai da na yi aure matata ta tura ni asibiti. Likita ya ce linzamin ƙarƙashin harshena ne ya ɗaure shi, shi ke jawo minsharin, sannan ya tambaye ni ina belina.

Ban gaya wa Mama ba. Har yau, in zancen ranar ya taso, hannayenta take kallo.